Snooker 19 a shagona na Agege: gem ɗin ya yi, ciniki ne bai yi ba

Ban sa Snooker 19 a shagona don ciniki ba. Duk mai gidan gem a Agege ya san ƙwallon ƙafa ce ke biyan haya, ita ke sayen man janareta, ita ke sallamar yaron shago. Na sa shi ne don kaina, saboda ina son sunuka tun ina yaro, kuma wasannin sunukar waya sun kai ni bango.

Akwai wanda na daɗe da shi a waya, ba zan kira sunansa ba. Kana tsakiyar wasa, ka jefa ja, ka jefa baƙa, hannunka ya fara zama, sai talla ta rufe allon gaba ɗaya, a ce ka zo ka ci bashi. Kafin ta wuce ka manta inda kake son ajiye farar ƙwallon da ake bugawa da sanda. Ramukan kuma zuƙar ƙwallo suke yi ko saitinka bai yi ba, ta taɓa baki ta yi rawa ta faɗa, kai kanka ka san a tebur na gaske da ta dawo. In kana son sanda mai kyau sai ka saya da kuɗinka na gaske, wai ita ce za ta tsawaita maka layin saiti. A ina aka taɓa jin sanda ta koya wa mutum saiti? Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne sabis. Ya ɗan yi rawa kaɗan, sai ka ga an ba abokin karawarka wasan, an kwashe maka tsabar da ka yi dare kana tarawa. Da wannan zuciyar na zo wa Snooker 19 a kan PS4. Na ɗauka abu ɗaya ne, hoton ne kawai zai fi girma.

Wanda ya saba da teburan bakin titi na Agege ko Mile 12 ko Idi-Araba, waɗanda ake kafawa a ƙarƙashin rumfa da ƙwallaye masu lamba, ya sani ba wannan wasan ba ne a ciki. Wannan na Ingila ne, mai babban tebur, ƙafa 12 a tsawo, 6 a faɗi. Jajaye 15 ne, kowace maki ɗaya, sai masu kala shida: rawaya 2, koriya 3, ruwan ƙasa 4, shuɗiya 5, ruwan hoda 6, baƙa 7. Ka jefa ja, ka bi ta da mai kala, a fito da mai kalar a maido ta gurbinta, haka har jajayen su ƙare, sannan a bi masu kalar daga rawaya zuwa baƙa. Kamfanin Lab42 ne ya ƙera gem ɗin, Ripstone ya fitar da shi a watan Afrilun 2019, kuma da izinin masu gasar suka yi shi, shi ya sa akwai 'yan wasa 128 da sunayensu na gaskiya: Ronnie O'Sullivan, Judd Trump, John Higgins, Mark Selby, Ding Junhui da sauransu. Akwai zauren Crucible na Sheffield, inda ake buga gasar duniya tun 1977, akwai Alexandra Palace na Landan inda ake gasar Masters. Duk wannan kowa zai iya karantawa a bayan kwali. Abin da ya sa na zauna rubutun nan daban ne.

Akwai wani dattijo, direban tanka, da ke lodi a Apapa. In layi ya yi tsawo yakan kwana a unguwarmu wajen 'yan'uwansa, ya shigo shagona ya sa cajin waya, ya zauna a benci yana kallon yara. Baba muke ce masa. Bai taɓa riƙe hannun gem ba, kuma ba ya ɓoye ra'ayinsa, wasan yara ne a wurinsa. Ashe da ƙuruciyarsa ya yi aiki a wani kulob a Kaduna mai babban tebur, shi ke goge shi, shi ke jera ƙwallaye, in masu wurin sun tashi shi ke kwana yana buga abinsa. Ban san wannan ba sai a daren da zan ba ku labari.

Bayan isha'i ne, yara sun ragu, akwai wuta. Ina karawa da kwamfuta, na ba ta Mark Selby. Masu kallon sunuka sun san shi, mutum ne da in bai ga ta ci ba zai ɗaure ka har ka gaji ka ba shi da hannunka. Ina gaba da maki kaɗan, ja ɗaya ta rage a can saman tebur kusa da baƙa, ta ɗan jingina da bango. Na zaci zai gwada jefa ta, don na waya haka suke, komai wuyar ƙwallo sai sun kai mata hari. Bai yi ba. Shafar gefen jar ya yi, siririyar shafa, farar ta zagayo tebur ta gangaro ƙasa a hankali, ta zo ta laɓe a bayan koriya ta tsaya cak. Daga inda take ba ka ganin ko gefen jar. Na gwada ta bango ɗaya, ta wuce ba ta taɓa ba. Alƙali ya ba shi maki huɗu, kuma aka maido ƙwallayen inda suke aka ce in sake, kamar yadda doka ta ba shi dama. Ina shirin sake bugawa sai na ji murya a bayana.

"Ɗana, dakata. Kada ka buga tukuna."

Na juya, Baba ne a tsaye, ya bar bencinsa.

"Baba, ai babu hanya. Ya rufe ni."

"Hanya tana nan, bango biyu ce. Akwai yadda za ka nuna mini teburin daga sama?"

Na juya masa hoton. Ya matso har gaban talabijin, ya ɗan yi shiru yana auna wurin da ido, sannan ya ɗora yatsa a bangon gefe, gaba kaɗan da ramin tsakiya.

"Nan za ka nufa. Ta bugi nan, ta je bangon sama, ta zo wa jar ta baya. Ka ɗan sa mata gefe, ta wajen da za ta gudu, kaɗan fa. Kuma ka bi ta a hankali. In ka doka da ƙarfi bango zai tsuke mata hanya, ba za ta buɗe ba."

Na ce, "Baba, wannan fa gem ne, ba lallai ya san wannan lissafin ba."

"To ai yanzu za mu gani ko ya sani."

Na saita inda yatsansa yake, na matsar da ɗigon bugun zuwa gefen farar kamar yadda ya ce, na rage ƙarfi. Farar ta tafi, ta bugi bangon gefe, ta buɗe, ta bugi na sama, ta zo ta sumbaci jar ta baya da ɗan ƙaramin sauti, ƙas. Jar ta ɗan motsa ta tsaya a jikin bango, farar ta gangara gefe, babu abin da aka bar wa Selby. Baba ya yi salati da ƙarfi har mai shayin ƙofar shago ya leƙo. Ni kuwa tsigar jikina ce ta tashi.

Daga nan wasan ya zama namu mu biyu. Shi ke faɗa, ni ke dannawa. "Bugi ƙasanta ta dawo." "A'a, tsakiya, ta tsaya inda ta buga." "Bar wannan, ba taka ba ce, ka kai farar can ƙasa ka bar shi da nisa." Duk abin da ya ce farar za ta yi, shi take yi, in kuma ba ta yi ba, kafin in buɗe baki ya riga ya ce ƙarfin ne ya yi yawa ko ya yi kaɗan, kuma in ka duba haka ne. Muka yi ta ɗaure juna da kwamfuta a kan jar nan guda ɗaya, ba wanda ya yarda ya saki. A tsakiyar haka yake ba ni labarin wasan ƙarshe na gasar duniya ta 1985, da Dennis Taylor ya doke Steve Davis 18 da 17 a kan baƙar ƙarshe, yana yi yana kwatanta yadda Taylor ya ɗaga sanda sama. Wasanmu bai kai baƙa ba. Mun bar ruwan hoda a kusa da ramin kwana, Selby ya jefa ta, ya tashi da wasan. Baba bai ji haushi ba ko kaɗan. Cewa ya yi, "Daidai ne. Duk wanda ya bar wa irin wannan mutumin ƙwallo a bakin rami ya san sauran." Ya zare wayarsa daga caji, ya kai ƙofa, ya juyo ya ce, "Waɗanda suka yi abin nan sun riƙe sanda."

Ni a wurina nan ne ingancin gem ɗin yake, ba a hoto ba. Mutumin da bai san maɓalli ko ɗaya ba ya zo da ilimin da ya samu a kan tebur na katako da ƙyalle shekaru aru-aru, ya zuba shi a cikin na'ura, na'urar ta amsa masa daidai. Da lissafin ƙwallayen na bogi ne, da shawararsa ba ta yi aiki ba, don shi ba layin da ke kan allo yake bi ba, idonsa yake bi. Kuma kwamfutar ba jefawa kawai ta iya ba, ta san lokacin da ya kamata ta ƙi jefawa. Rabin sunuka ke nan, kuma shi ne rabin da na waya ba su da shi sam.

Bayan wannan daren na koma wa gem ɗin da wani ido. Na fara rage taimakon saiti. A matakin farko layin yana nuna maka kusan komai, inda ƙwallo za ta bi da inda farar za ta nufa. Kana hawa mataki layin yana gajarcewa, har ka kai inda sai dai idonka ya yi maka aiki. A nan ne za ka gane jefa ƙwallo ɗaya ba komai ba ne, ajiye farar inda za ka samu ta gaba shi ne aikin. Ka jefa ja ka tsaya a miƙe da baƙa, babu kwanar da za ka bi ka fasa tarin jajayen, shi ke nan tafiyarka ta ƙare a maki takwas. Da can ina jin ana cewa 147, wato makin share tebur a tafiya ɗaya, ina ɗaukarsa lamba ce kawai: ja 15 kowace da baƙa, 120 ke nan, a ƙara 27 na masu kala. Yanzu da na san wahalar haɗa ja uku da baƙa uku a jere, in na tuna O'Sullivan ya yi shi a Crucible a 1997 cikin minti 5 da daƙiƙa 8, sai in rasa abin cewa. Sautin ƙwallayen ma yana da daɗi, musamman in shago ya yi tsit, ga muryar Neal Foulds da David Hendon suna sharhi kamar kana kallon gasar a talabijin.

To, a nan daɗin ya tsaya, don da na fara rage layin ne wata matsala ta fito fili, kuma har yanzu in na tuna raina ɓaci yake.

Lokacin da zan sa gem ɗin na sayi sababbin hannun gem guda biyu a wani shago a Ikeja. Kun san kuɗin hannu yanzu, ba sai na faɗa ba. Mai shagon ya rantse mini na asali ne, ya nuna mini kwali, ya nuna mini hatimi, na biya kuɗin na asali. A ƙwallon ƙafa ba wanda ya lura da komai, yara suna ta buga abinsu. Amma sunuka ba ta yafe ko gashi ɗaya. Ka saita ƙwallo mai nisa, ka ɗauke yatsanka daga 'yar sandar da ke jikin hannun gem ɗin, sai ka ga saitin yana zamewa hagu da kansa, sannu-sannu. A tebur mai tsawon ƙafa 12, wannan 'yar zamewar ita ce tsakanin rami da bango. Na ɗauko tsohon hannuna da ya sha wahala, wanda fatarsa ta goge, na gwada, saiti ya tsaya cak. Na kai sababbin wajen mai gyara a nan Agege, ya buɗe ɗaya, ya nuna mini cikinsa, ya ce, "Oga, kwalin ne kawai na asali." Na hau mota na koma Ikeja da su, ga cunkoso, ga shago na bari a hannun yaro. Mutumin ya karɓa ya jujjuya, ya sa a gem ɗin ƙwallon ƙafa ya buga minti biyu, ya miƙo mini ya ce lafiyarsu ƙalau. Na ce ya sa sunuka ya gani, ya ce shi ba ya da ita. Da na matsa sai ya ce ai an buɗe ɗaya, ba ya karɓar kayan da aka buɗe. Ɗayan da ba a buɗe ba fa? Wai in dawo in maigidansa yana nan. Wannan ba laifin gem ba ne, na sani, amma shi ya cinye mini daɗin makonnin farko, kuma duk wanda zai buga sunuka a Legas da hannun da ya saya a kasuwa zai iya faɗawa ramin da na faɗa.

Sai maganar ciniki, wadda ita ce ta sa na ce bai yi ba. Wasan ƙwallon ƙafa ɗaya minti goma ne, a tashi, wasu su zauna, kuɗi ya shigo. Zagaye ɗaya na sunuka tsakanin yara biyu da ba su iya ba yana cin rabin awa, wani lokaci ya wuce, don ba mai jefawa, sai dai su yi ta kora jajaye suna watsewa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kowane minti a kan janareta kuɗi ne da nake ji a jikina. Talabijin ɗaya ta tsaya rabin awa a kan kuɗin wasa ɗaya, ga mutum shida a benci suna jiran ƙwallo suna tsaki. Yaron shagona ya same ni ya ce, "Oga, wallahi in aka sa sunukar nan da yamma mutane tafiya suke yi shagon gaba." Gaskiya ya faɗa, na gani da idona.

Ga kuma rigima. Yaran sun saba da dokar teburin bakin titi, sai su ga an ba abokin karawarsu maki bakwai don sun taɓa baƙa ba lokacinta ba, ko an fito da shuɗiyar da suka jefa an maido ta tsakiya, su ce gem ɗin ya lalace, a maido musu kuɗinsu. Na gaji da bayani har na rubuta makin kowace kala a takarda na manna a bango. Wasu kaɗan sun kama, kuma waɗanda suka kama ɗin sun kamu sosai, akwai wani ɗan acaba da yanzu ba ya taɓa ƙwallon ƙafa in ya shigo. Amma mutum uku ko huɗu ba sa riƙe shago. Na koma sa musu mai jajaye shida maimakon 15, irin wanda aka riƙa yin gasarsa a Tailan, ya rage lokacin, sai dai ko shi bai kamo ƙwallon ƙafa a sauri ba. Wasan ne haka, mai natsuwa ne, mutum ɗaya na bugawa ɗayan na zaune riƙe da hannu yana jira, kuma yaron da ya biya kuɗinsa ba ya son zama.

Ɗauke wuta ma ya fi ciwo a nan. A ƙwallon ƙafa in an ɗauke, a tayar da janareta a sake daga farko, ba wanda ya yi asarar kirki. A sunuka ka yi minti ashirin kana gina maki, kana ɗaure mutum, ka kai masu kala, ɗif. Wa zai biya na biyun? Ni ne.

Saboda haka yanzu na ware masa lokaci. Ba a sa shi sai bayan isha'i, sai kuma in akwai wutar gwamnati, kuma da lokaci nake karɓar kuɗinsa, ba da wasa ba. Wanda ke da PS4 a ɗakinsa, yana son sunuka ta gaske, yana da haƙurin koyon inda farar za ta tsaya, ya nema ya sa, zai gode mini, ban ga na waya da ya kama ƙafarsa ba. Mai gidan gem kuwa kada ya sa ran zai maido masa ko kuɗin mai. Kuma kafin ka biya kuɗin hannu, ka sa mai shagon ya haɗa shi, ka shiga inda ake saiti mai laushi, ka ɗauke yatsanka ka zuba ido na ɗan lokaci ka ga ko abin yana motsi da kansa. Kada ka yarda a gwada maka da ƙwallon ƙafa. Nawa guda biyun suna nan a cikin durowa, ɗaya a buɗe ɗaya a kwalinsa, maigidan mutumin Ikeja kuma har yau wai bai dawo daga tafiya ba.